Wanda Bai Dubi Azara Ba

Inna na fita takaba, Baffa Halliru ya ce a sayar da gidanmu.

Ba zan ce ya yi zalunci ba. Mahaifina bai bar ɗa namiji ba, ni kaɗai ya bari. Da malamai suka raba gado, rabin gidan ya faɗo kaina, Inna ta samu tumuninta, sauran ya zama na Baffa, ƙanin mahaifina. Shi kuwa rabonsa yake so a hannu, ya sayi babbar mota ya shiga jigilar siminti kamar yadda kowa yake yi yanzu.

Gidan yana Sabon Garin Wudil, yana kallon titin da ya taso daga Kano ya haye gadar Wudil. Tun da aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashin Udoji, duk abin da ke kallon titin nan ya yi daraja.

Mutum biyu suka taya.

Na farko Baba Maikano, falken shanu, wanda katanga ɗaya ta raba mu da shi. Ba a kai wa bare tallan gida maƙwabci bai ji ba, saboda haka shi aka fara kira. Ya shigo da sandarsa, ya gaishe da Inna a tsaitsaye, ya wuce ɗakinta kai tsaye ya ɗaga kai sama. Ya zunguri azara da sandar, gari ya zubo masa a kafaɗa.

"Gara ta fara cin wannan," ya ce. "Da waccan ta kusa da ita."

Ya zagaya bayan ɗaki ya duba indararo, ya ce ruwa yana kwanciya a gindin katanga. Ya zura guga a rijiya, ya kurɓa, ya kurkure baki ya zubar.

"Zartsi. Na wanki ne, ba na sha ba."

Ina tsaye a ƙofar madafi ina kallonsa. Babu lungun da bai leƙa ba, har turken awaki. Da ya gama sai ya ce naira dubu huɗu, lakadan, amma a ba shi gidansa da an gama girbi, don 'ya'yansa biyu zai aurar.

Baffa ya cika ya yi fam. "Albarka," ya ce, bai ko dube shi ba. Baba Maikano na fita, Baffa ya yi tsaki. "Mutum ya shigo gidan ɗan'uwana yana kushe shi kamar saniyar da ta rame!"

Na biyu Alhaji Sharhabilu, ɗan kwangila. Ɗan garin nan ne, bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba, ajujuwan makaranta da kwalbatoci yake gina wa gwamnati. Ya zo a farar Fijo tare da Labaran dillali, aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. A nan ya zauna, a nan ya tashi. Bai leƙa tsakar gida ba.

Naira dubu bakwai ya taya. Rabi yanzu, rabi in gwamnati ta biya shi kuɗin aikinsa.

"Sannan Inna kada ta ɗaga ko tsinke," ya ce. "Ta zauna a ɗakinta iyakar ranta."

Ni na kai musu ruwa. Na durƙusa na ajiye moɗa, na lura ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya dubi rufin zauren da yake zaune a ciki ba, alhali akwai tsaga a kusurwa da ta kai tsawon hannu. Ni ya duba, ya ce, "Malama, sannu da aiki."

Wannan Alhajin ya taɓa aikowa yana neman izinin zuwa zance wurina, tun ina shekarar ƙarshe a jami'a. Na ce a ba shi haƙuri, ina da wanda muka daidaita.

Wanda muka daidaita shi ne Hadi. Malamin makaranta ne a Kausani, iyayensa masunta ne a bakin kogi. Mahaifina ya san da shi, ya ce a bari in gama karatu. Na gama, na fara koyarwa, sai ciwo ya kwantar da mahaifina, ya rasu ba a kai ga manya sun zauna ba. Maganar ta koma hannun Baffa, wanda shi ne waliyyina yanzu, kuma tun daga ranar duk sanda aka ambaci Hadi sai ya ce, "Au, ɗan masuntan nan?"

Washegari da hantsi Baffa ya zo ya zauna a kan turmi a tsakar gida. Inna tana tsince shinkafa, ni ina gefe.

"Rahmatu, ke kika yi jami'a. Bakwai da huɗu, wanne ya fi?"

"Bakwai, Baffa."

"To alhamdu lillahi, karatu bai tafi a banza ba."

Na yi ta murza bakin mayafina. Ni ba mai magana ba ce. A aji ma sai da na yi wata guda kafin in iya kallon ɗalibaina ido da ido. Amma na daure.

"Baffa, ragowar rabin, ya sa rana?"

"Rana? Mutumin da ya ce uwarki ta zauna kyauta shi za ki tsare da sa rana? Ba ki da kunya?"

"Zaman Inna kuma, za a faɗa a gaban shaidu?"

"Wa yake sa shaida a kan alheri?" Ya juya wajen Inna. "Indo, kina jin 'yarki? Maikano ya ce ki kwashe komatsanki bayan girbi. Wannan ya ce ki mutu a ɗakin mijinki. Ita kuma lauya ta zama."

Inna ba ta ɗago ba. Ni ce 'yar farinta, kuma ni kaɗai ce, ko sunana ba ta faɗa, balle ta tsaya mini a gaban mutane.

"Duk abin da kuka yi daidai ne," ta ce.

"Baffa," na ce a hankali, "shi ne fa wanda ya aiko neman zance tun ina jami'a."

"Ni na yi miki maganar aure? Maganar gida nake yi. Ba wanda zai ɗaure ki ya kai ki inda ba kya so, ba yarinya ba ce ke." Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Amma dai mutum yakan san wanda ya rufa wa uwarsa asiri. Ran Asabar za su dawo. Rabi naki ne, in ba ki ce kin sallama ba, ba ciniki. Ki yi tunani."

Da la'asar na ji ƙarar Besfa, babur ɗin Hadi. Na fita na same shi a zaure, a daidai inda Alhaji ya zauna jiya. Muka gaisa, ya tambayi Inna, na tambayi mutanen gida. Bai yi mini tsokanar da ya saba ba, ta cewa "ranki ya daɗe, mai digiri." Ya ajiye hularsa a gwiwa yana ta juya ta.

"Na ji labari a tasha," ya ce. "Labaran ya baza ko'ina."

"Me ya ce?"

"Ya ce Alhaji ya sayi gida da abin da ke ciki."

Na sunkuyar da kai.

"Ban sallama ba, Malam."

"Na sani. Shi ya sa na zo." Ya daina juya hular. "Rahma, ki sallama."

Na ɗago na dube shi, abin da ban cika yi ba.

"Kai ne kake faɗin haka?"

"Ni ne. Ɗaki ɗaya nake haya a Kausani. In Maikano ya karɓi gidan nan, ina Inna za ta? Garinsu Darki, wurin ƙannenta, ta zama baƙuwa da furfurarta? Ko bakin kogi zan kai ta, ta kwana cikin ƙarnin kifi, Baffanki ya samu abin faɗa?"

"An ce za a ba ni gida a kwatas ɗin malamai."

"An ce. Kuma ciki da falo ne, ba rijiya, ba turke, ba maƙwabciyar da ta sani. Matar da a gidan nan aka kawo ta amarya."

"To in na sallama, mu fa?"

"Cinikin gida daban, aure daban."

"Ka yarda da abin da ka faɗa?"

Ya mai da ido kan hularsa.

"Malam, ka san yadda za a yi. Ba wanda zai ce mini komai. Da salla zai aiko wa Inna da turmin atamfa. Da damina zai turo magina su yi yaɓe. Rabin kuɗin yana hannunsa, Baffa ba zai so a ɓata masa rai ba. Ran da ka turo manyanka, sai a ce a dakata tukuna Alhaji ya cika kuɗi. Ran da ya sake aikowa, da wane baki zan ce a'a, uwata tana kwana a ƙarƙashin rufinsa?"

Hawaye suka zubo mini, na bar su. Ba na kuka da sauti, tun ina ƙarama.

"Kada ki yi kuka, don Allah," ya ce. "Ina sonki, Allah ya sani. Tun ran da na gan ki a motar Kano kina karatu, kwandasta yana ta tambayarki kuɗi ba ki ji ba. Amma ba zan so a ce saboda ni aka fitar da tsohuwa daga ɗakinta ba. In muka yi aure a kan haka, duk ran da ta yi tagumi sai ki dube ni."

"Ba zan dube ka ba."

"Ni zan dubi kaina."

"Wato ka janye."

"Ban janye ba. Na dai cire kaina daga cikin cinikin. Ki auna tayin nan kamar ba ni a duniya. In ya yi, ki karɓa."

Ya sa hularsa ya fita. Sai da ya buga Besfar ya sake bugawa kafin ta tashi.

Na yi abin da ya ce. Kwanakin da suka rage na auna tayin kamar ba shi a duniya.

Na tuna yadda mahaifina yake sayen rago. Sai ya buɗe masa baki, ya taɓa gadon baya, ya ce ai wannan ƙashi ne zalla. Wanda bai taɓa ba, ba shi yake saye ba. Baba Maikano ya ɓata wa kowa rai, amma ya san azarar da zai canza, ya san inda zai fasa katanga ya haɗe gidajen biyu, ya san ranar da yake son mabuɗi. Duk abin da ya rage a farashi, ya nuna dalilinsa da sanda.

Alhaji kuwa ya ɗora kusan ninki a kan gidan da bai gani ba. Mutumin da yake auna yashi da tsakuwa kullum, wanda aka ce ko buhun siminti ɗaya ba ya ɓata masa. Abin da zai bayar a hannu ma bai kai na Baba Maikano ba. Sauran duk magana ce, ba rana, ba shaida.

Ran Juma'a, ranar kasuwa, gari ya cika da kukan shanu da motocin 'yan kasuwa, na shiga ɗakin Inna na same ta tana goge kwanonin jerenta.

"Inna, ke me kike so?"

"Ni me na sani? Tumuni gare ni."

"Ba maganar rabo nake ba."

Ta ci gaba da gogewa. Can ta nuna sama da haɓa.

"Azarar nan daga Darki aka kawo ta a kan jakai, shekarar da aka kawo ni. Mahaifinki da kansa ya hau ya jera. Ya faɗo ma, ya gurɗe ƙafa, aka yi biki yana ɗingishi." Ta yi ɗan murmushi. "Maikano bai yi ƙarya ba. Kullum da safe sai na share garin da ke zubowa."

"In aka ce ki tashi fa?"

"Ke dai je ki duba tukunya."

Ran Asabar bayan azahar suka taru a zaure: Baffa, Alhaji Sharhabilu, Labaran dillali, da mai unguwa. Ni da Inna aka shimfiɗa mana tabarma a bakin ƙofar ciki, inda za a ji muryarmu.

Labaran ya yi doguwar addu'a, ya maimaita tayi, ya yabi Alhaji har sai da Alhajin ya ce ya isa. Sannan ya kama hannun Baffa.

"Malam Halliru, ka sallama?"

"Na sallama."

"Inna Indo?"

"Abin da aka yi daidai ne," in ji Inna.

"Saura Malama Rahmatu, mai rabi. Malama, a sa albarka a rufe, Alhaji yana da tafiya Kano."

Na gyara zama a kan tabarma.

"Ina da roƙo," na ce.

"Ɗaga murya, Malama, ba ma ji."

"Ina roƙon Alhaji ya shiga ya ga gidan."

Alhaji ya yi dariya, ba ta raini ba. "Malama, na yarda da shi haka."

"Gara ta ci azara biyu a ɗakin Inna. Rijiyar zartsi ce. Ruwa yana cin gindin katangar baya. Zauren nan ma, in ka duba bisa kanka, ya tsage."

"Innalillahi!" in ji Baffa. "Wa ya taɓa ganin mai kaya yana kushe kayansa? Labaran, ka taɓa gani?"

"Ban taɓa ba, wallahi," in ji Labaran. "Malama, la'adata kike so ki kashe?"

Mai unguwa ya ce a bar ta, faɗin aibin kaya kafin ciniki ai shi ne daidai.

Alhaji bai ɗaga kai ya dubi tsagar ba. "Ko rushewa ya yi na saya," ya ce.

"To ina da tambaya ɗaya, a gaban mai unguwa." Na sunkuyar da kai, don ba zan iya faɗa ina kallon kowa ba. "In Allah ya sa aka ɗaura mini aure, aka kai ni wani gida, ba naka ba, Inna za ta ci gaba da zama iyakar ranta? In haka ne, a faɗa yanzu a shaida, a sa wa ragowar kuɗin rana, in sallama."

Wata babbar mota ta wuce a titi, ƙasa ta zubo daga tsagar rufin ta sauka a kan tabarma.

"Rahmatu!" Baffa ya daka mini tsawa. "A gabana?"

"Ƙyale ta, Baffa," in ji Alhaji. Ya daɗe yana kallon makullin motarsa. "Malama, ni ɗan kasuwa ne, amma ban iya rantsuwa a kan abin da ban tabbata ba. Ba zan kori Inna ba, wannan na sani. Amma in ce miki zuciyata za ta zauna daidai, ina biyan kuɗin gida wani yana zuwa gaishe da surukarsa a ciki, ban sani ba. Gidan ƙasa irin wannan, da rabin kuɗin zan samu a Sabon Gari. Kin san abin da ya sa na ɗora."

"Na sani. Na gode da ka faɗi gaskiya."

"To me kika ce?"

Na ji numfashin Inna a gefena. Ban waiwaya ba.

"Albarka," na ce.

Labaran ya saki hannun Baffa. Alhaji ya miƙe, ya yi wa mai unguwa sallama, ya durƙusa ta wajen ƙofa ya ce, "Inna, a yi haƙuri." Fijo ta tashi, mai unguwa da Labaran suka bi bayanta a ƙafa, Labaran yana ta mita.

Baffa ya rage shi kaɗai a zaure. Bai yi ihu ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"Kin kyauta. Kin zubar mini da mota a bakin titi, kin fitar da uwarki daga ɗakinta, duk saboda ɗan masunta. To ki ji. Ran da suka zo neman aurenki, ki nemi wanda zai ba su. Ba ni ba."

Na juya in dubi Inna, ba ta wurin. Na tashi na bi ta ɗaki, ina shirya kalmomin ban haƙuri.

Na same ta a tsaye a kan kujera 'yar tsugune, tana sauke kwanonin jerenta ɗaya bayan ɗaya, tana jera su a cikin babbar kwalla. Inda kowane kwano ya tashi ya bar farin zagaye a jikin bango.

"Inna, ki yafe mini."

"Riƙe nan," ta ce, ta miƙo mini langa. "Kwatas ɗin naku, akwai inda za a ɗaure akuya?"

"Ban sani ba, Inna."

"Sai ki tambayo." Ta sauko, ta leƙa ƙofa, ta ɗaga murya yadda ban taɓa jin ta ɗaga ba tun da nake. "Malam Halliru! A aika wa Maikano ya zo. Tumunina na sallama masa. Maganar yaron nan kuma, yayanka ya amsa masa a ɗakin nan, a gabana. In an zo tambaya, ni shaida ce."

Ban ji tashin Baffa daga zaure ba.

Ina riƙe da langar nan na jiyo ƙarar Besfa ta taso daga wajen gada. Ta rage gudu, ta tsaya a ƙofar gidanmu. Na ji an kashe ta, na ji takun Hadi, sannan muryarsa a bakin zaure.

"Salamu alaikum."

Inna ta karɓi langar daga hannuna. Muka tsaya muna sauraron ko Baffa zai amsa sallamar.